Tsofaffin 'yan wasan Pittsburgh Penguins: zumar magani ce, ko kaya ne a wuya?

Tambaya: Malam, shekara uku ke nan da na fara kallon hoki na ƙanƙara a NHL, babbar gasar Amurka da Kanada, kuma Pittsburgh Penguins nake goyon baya. A waɗannan shekaru uku ba su shiga zagayen neman kofi ba ko sau ɗaya: 2023, 2024 da 2025 duk a gida suka yi kallo. Magoya baya sun rabu biyu. Wasu na cewa Crosby da Malkin da Letang sun tsufa, a sallame su a kawo yara. Wasu na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Wa ke da gaskiya, kuma da me ake auna darajar tsohon ɗan wasa?

Amsa: Ɗan'uwa, ka iso gidan biki ne bayan an kwashe tabarmi. Kafin ka fara kallo, wannan ƙungiya ta yi kaka 16 a jere tana shiga zagayen neman kofi, daga 2007 zuwa 2022, kuma a ciki ta ɗauki Kofin Stanley sau uku, a 2009 da 2016 da 2017. Mutanen ukun da ake gardama a kansu su ne ginshiƙan duk wannan. Shi ya sa gardamar take da zafi. Ba lissafi kaɗai ake yi ba, har da kunya da kara.

Ra'ayina tun daga farko shi ne, ɓangarorin biyu duk sun tsaya kan shekarun haihuwa, alhali ba su ne ke yanke hukunci ba. A NHL ana auna tsohon ɗan wasa da nawa ake biyansa, shekara nawa aka ɗaure kai da shi, wane aiki aka ɗora masa, da kuma abin da aka sayar domin a kewaye shi da mataimaka. Idan ka bi Penguins da wannan ma'auni, za ka ga masu zagin Crosby da Malkin sun bar jaki suna dukan taiki.

Sai ka fara fahimtar iyakar albashi, domin wanda ya saba da ƙwallon ƙafar Turai nan yake ɓata. A can, kulob mai kuɗi zai iya ajiye tsohon tauraro a benci, ya sayi yaro ya sa a gurbinsa, kowa ya karɓi albashinsa. A NHL ba haka ba ne. Bayan rikicin da ya cinye kakar 2004-05 ɗungurungum ba a buga wasa ko ɗaya ba, an kafa doka cewa kowace ƙungiya tana da adadin da jimillar albashin 'yan wasanta ba za ta wuce ba. An fara da dala miliyan 39. A kakar 2024-25 ya kai miliyan 88, na 2025-26 kuma miliyan 95.5. Da wannan kuɗi za ka biya mutum 20 zuwa 23. Duk dalar da ka ba wani, ka hana wani ne. Kuma kwantiragin nan tabbatacce ne: ko ƙafar mutum ta mutu, sai an biya shi, sannan adadinsa yana nan zaune cikin lissafinka sai dai idan rauni mai tsawo ya kwantar da shi. Ba a kuma sayar da ɗan wasa a karɓi kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa, musaya ake yi, mutum da mutum ko mutum da damar zaɓen matasa, wato zaɓen da ake yi kowace shekara inda ƙungiyoyi ke ɗaukar sababbin yara bi da bi, zagaye bayan zagaye.

Ga inda abin ya karkace. Yaro sabon shiga yana kan kwantiragin farko ne, galibi na shekara uku, albashinsa na tushe wajen dala miliyan ɗaya ne iyakarsa komai bajintarsa. Ba ya samun cikakken 'yancin tafiya inda yake so sai ya kai shekara 27, ko ya buga kaka bakwai. Amma masu nazarin alƙaluman wasan sun daɗe da lura cewa 'yan gaba sun fi zura ƙwallo a tsakiyar shekarunsu na ashirin, daga nan sai gangara a hankali, bayan talatin kuma gangarar ta ƙara sauri. Wato ranar da ɗan wasa ya fito kasuwa da farashinsa mafi tsada, mafi kyawun shekarunsa sun wuce ko suna gab da wucewa. Yawancin manyan kwantiragin da ake ba 'yan shekara 29 ko 30 ladan aikin jiya ne. Tuna baya shi ne roƙo, amma ba da shi ake gina ƙungiya ba.

Yanayin wasan ma ba ya jin tausayin tsoho. Ana shiga ne a yi gudu iyakar ƙarfi na kamar daƙiƙa 45, a fito a huta, a sake komawa, haka har minti 60 su cika, wasa sama da 80 a kaka, ga bugun jiki da bango. Abin da ke fara tafiya shi ne takun farko biyu ko uku, wannan zaburar da ke sa ka riga abokin hamayya isa ga faifan robar da suke bugawa (ƙwallo zan ci gaba da ce masa don sauƙi). Hannu da ido da ƙwaƙwalwa su ne ke daɗewa. Shi ya sa za ka ga tsohon ɗan wasa yana ci gaba da tara maki a lokacin da aka kori ɗaya daga abokan hamayya na minti biyu, domin a nan ana tsaye ne ana rarraba ƙwallo, ba tsere ake yi ba. Idan kana son sanin gaskiyar ƙafarsa, duba abin da ke faruwa lokacin da ake biyar da biyar: ƙungiyarsa ce ke kai hari, ko ita ake tsarewa a gida?

To mu ɗauki mutanenka ɗaya bayan ɗaya, domin kuskure ne a zuba su cikin buhu guda a rubuta "tsofaffi" a jiki.

Sidney Crosby, haihuwar Agustan 1987, ba ya cikin wannan gardama ko kaɗan. A kakar 2022-23 ya samu maki 93, wato ƙwallayen da ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci. A 2023-24 ya samu 94, da ƙwallo 42. A 2024-25 ya samu 91 a wasa 80, kuma wannan ce kakarsa ta 20 da yake samun aƙalla maki ɗaya a kowane wasa idan aka raba, abin da ya sa ya zarce tsohon gwarzon gasar, Wayne Gretzky, mai 19. Duk wannan a kan dala miliyan 8.7 a shekara, adadin da ya riƙe tun 2008 saboda lambar rigarsa 87 ce. A wancan lokaci wannan kuɗi ya haura kashi 15 cikin ɗari na iyakar albashi. A ƙarƙashin miliyan 95.5 kuwa kashi 9 ne da ɗan ɗoriya. A Satumban 2024 ya sake sa hannu na shekara biyu a kan wannan farashin dai, alhali Auston Matthews na Toronto yana karɓar miliyan 13.25, Leon Draisaitl na Edmonton kuma ya sa hannu kan miliyan 14. Duk wanda ya ce Crosby kaya ne a wuyan Penguins bai buɗe littafin lissafi ba. Rangwame yake yi musu.

Evgeni Malkin, ɗan Rasha, haihuwar Yulin 1986, shi ne misalin gangarar da na faɗa maka. Ya sa hannu a Yulin 2022 na shekara huɗu a kan miliyan 6.1. Shekarar farko ya buga duka wasa 82 ya samu maki 83, wanda riba ce tsantsa a wannan farashi. Ta biyu 67. Ta uku 50 a wasa 68. Ka ga layin da kanka. Shekara biyun farko sun biya kuɗinsu, ta uku ta zo daidai ruwa daidai tsaki. Matsalarsa ba albashin ba ce sosai, aikin ne. Ana ci gaba da neman ya ja layi na biyu (rukuni na biyu na 'yan gaba uku da ke shiga tare) daga tsakiya, wurin da ya fi kowane cin ƙafa saboda sai ka je gaba ka dawo baya, don kawai babu wani matashi da aka horar da zai karɓe shi.

Kris Letang shi ne wanda masu suka suke da hujja a kansa. Ɗan baya ne, haihuwar Afrilun 1987, kuma a Yulin 2022 aka ba shi shekara shida a kan miliyan 6.1, wato sai 2028 zai ƙare, yana da shekara 41. Dabarar a fili take: an tsawaita shekarun ne domin adadin kowace shekara ya sauko. Bashi ne aka ci daga gobe don a ji daɗin yau. Mutumin yana da zuciya, wannan ba a musu. Sau biyu yana samun bugun jini a ƙwaƙwalwa, a 2014 da kuma Nuwamban 2022, duk ya dawo filin wasa, har aka ba shi kyautar Masterton ta juriya a 2023. Amma salon wasansa a kan gudu aka gina shi, kuma gudun ne shekaru ke fara ci.

Yanzu ga jakin. Daga 2013 zuwa 2021, shekara tara, sau biyu kacal Penguins suka zaɓi yaro a zagayen farko na zaɓen matasa, a 2014 da 2019. Sauran bakwai ɗin duk an bayar da su wajen musayar 'yan wasan da za su taimaka nan take: Jarome Iginla, David Perron, Phil Kessel, Ryan Reaves, Derick Brassard, Kasperi Kapanen, Jason Zucker. Wasu sun yi amfani ƙwarai, musamman Kessel da ya taka rawa babba a kofunan 2016 da 2017, kuma ni ban ga laifin manajan da ke da Crosby a ganiyarsa ya zuba duk abin da ke aljihunsa ba. Sai dai wanda ya cinye irin shuka a rani ya san abin da zai tarar da damina. Lokacin da manyan suka fara gajiya, babu yara masu arha da za su ɗauke musu nauyi.

Maimakon yara, sai aka ci gaba da sayo wasu tsofaffin, kuma waɗannan ne suka yi ɓarnar, ba ukun da ake zagi ba. A 2021, gabanin zaɓen da sabuwar ƙungiyar Seattle ta yi daga sauran ƙungiyoyi, Penguins sun kare Jeff Carter mai shekara 36, suka tura Jared McCann mai 25 zuwa Toronto, daga nan Seattle ta ɗauke shi. McCann ya ci ƙwallo 40 a kakar 2022-23. A 2022 aka ba da Mike Matheson mai shekara 28 aka karɓo Jeff Petry mai 34 daga Montreal. A Maris na 2023 aka ba da zaɓen zagaye na biyu aka kawo Mikael Granlund mai albashin miliyan 5, ya ci ƙwallo ɗaya tak a wasa 21. A wannan kakar Crosby da Malkin ba su rasa wasa ko ɗaya ba, sun haɗa maki 176 tsakaninsu, amma ƙungiyar ta rasa gurbi da maki ɗaya bayan ta sha kashi a gida a hannun Chicago, wadda take can ƙasan teburi. Florida da ta samu gurbin ita ta je har wasan ƙarshe. Ka faɗa mini, a wannan labarin ina laifin tsofaffin biyu?

Sabon shugaban sashen wasa, Kyle Dubas, ya zo a Yunin 2023, kuma a Agusta ya ƙara zuba wani babban jari: Erik Karlsson daga San Jose, ɗan baya mai shekara 33 da ya gama samun maki 101 da kyautar Norris ta gwarzon ɗan baya. Miliyan 10 a shekara ke hawa kan Penguins, ga zaɓen zagayen farko da aka haɗa. Karlsson bai lalace ba, amma aikinsa da na Letang iri ɗaya ne, dukansu 'yan baya ne na dama masu son riƙe ƙwallo su kai hari. An tara taurari huɗu a rukunin da ke shiga idan an samu rinjayen mutum ɗaya, sai ga shi sun ƙare a matsayi na 30 cikin 32 a wannan fanni a kakar 2023-24. Sunaye ba sa cin ƙwallo idan kowa yana jiran ɗan'uwansa ya buga. Sai a Maris na 2024, da aka tura Jake Guentzel zuwa Carolina, aka fara amincewa cewa kiɗa ya canza. A zaɓen 2025 kuwa sun ɗauki yara uku a zagayen farko.

Idan kana son ganin yadda tsawon kwantiragi ke kashe ƙungiya, ba sai ka tsaya a Pittsburgh ba. Chicago ta ɗauki kofi a 2010 da 2013 da 2015, sai ta saka wa Brent Seabrook da kwantiragin shekara takwas a kan miliyan 6.875, yana da shekara 30. Wasansa na ƙarshe a Disamban 2019 ne, jikinsa ya ƙi, kwantiragin kuwa yana da sauran shekaru fiye da huɗu. Minnesota ta ba Zach Parise da Ryan Suter shekara 13 a kan dala miliyan 98 kowannensu a Yulin 2012. A 2021 ta soke kwantiragin ta sallame su, kuma hukuncin hakan shi ne a kakar 2023-24 da 2024-25 kusan miliyan 15 na iyakar albashinta yana tafiya ne kan mutum biyu da ba sa sa rigarta. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne na Toronto. A 2017 ta ɗauki Patrick Marleau mai shekara 37, mutumin kirki da yaran ƙungiyar suka ƙaunace shi, na shekara uku a kan miliyan 6.25. Shekara biyu sun tafi lafiya. Ta ukun ce ta zama ƙarfen ƙafa, domin lokacin biyan yaran ya zo kuma babu wuri. Sai da Toronto ta haɗa wa Carolina da zaɓen zagayen farko kafin ta yarda ta karɓi kwantiragin a 2019. Da wannan zaɓen Carolina ta ɗauki Seth Jarvis a 2020, wanda ya zama ɗaya daga manyan 'yan gabanta. Shekara ɗaya ta ƙari a takarda, ga abin da ta ci.

Masu cewa da tsohuwar zuma ake magani su ma ba da ka suke magana ba. Kofin Stanley sai ka ci wasa 16 a zagaye huɗu, cikin wata biyu, kana karawa da ƙungiya ɗaya har sau bakwai a jere. A irin wannan yanayi fili yana ƙuntata, alƙalai suna ƙyale riƙe-riƙe, kuma wanda ya san inda zai tsaya a gaban raga ya fi wanda ya iya gudu kawai. Mark Recchi ya ɗauki kofi da Boston a 2011 yana da shekara 43. Brad Marchand, da Boston ta tura Florida a Maris na 2025, ya cika 37 ana tsakiyar zagayen kofi, ya ci ƙwallo 10, shida daga ciki a karawar ƙarshe da Edmonton, suka ɗauki kofin. Joe Pavelski ya bar San Jose zuwa Dallas a 2019 yana gab da cika 35, mutane na cewa ya ƙare, sai ga shi a kakar 2021-22 ya samu maki 81, mafi yawa a rayuwarsa.

Amma ka lura da abin da ya haɗa waɗannan. Marchand a layi na uku Florida ta sa shi, tare da matasa biyu masu ƙafa, Anton Lundell da Eetu Luostarinen. Pavelski an haɗa shi da Roope Hintz da Jason Robertson, su yi gudun, shi ya tsaya bakin raga yana karkatar da ƙwallo da sandarsa, sana'ar da ba ta buƙatar ƙuruciya. Babu ɗayansu da aka ce ya ɗauki ƙungiya a ka. Gishiri ne a miya, ba su ne tuwon ba. Sannan akwai wata yaudara da ke kama magoya baya: muna tuna Recchi da Jaromir Jagr da Zdeno Chara da suka kai arba'in da ɗoriya, da Gordie Howe da ya buga har yana da 52, mu manta da ɗaruruwan da suka ɓace a 32 ko 33 ba wanda ya yi musu bankwana. Waɗanda suka rage har 38 su ne zaɓaɓɓun zaɓaɓɓu. Ba a kafa doka da su.

Haka ma masu kawo misalin Detroit ta 2002, wadda ta ɗauki kofi da Chris Chelios mai 40 da Igor Larionov mai 41 da su Brett Hull da Dominik Hasek. Gaskiya ne, amma kafin iyakar albashi ne. Yau ba mai iya biyan wannan tarin.

Maganar jagoranci a ɗakin sauya kaya, wadda masu alƙaluma ke yi wa dariya, ni ban raina ta ba. Crosby da kansa a gidan Mario Lemieux, tsohon tauraron Penguins, ya zauna shekarunsa na farko a gasar. Wyatt Johnston na Dallas a gidan Pavelski ya zauna yana sabon shiga. Yaron da ya baro gidan iyayensa yana da shekara 18 ko 19, aljihunsa cike da kuɗi, yana bukatar wanda zai nuna masa yadda ake cin abinci, yadda ake barci a tafiya, da yadda ake tashi washegarin ranar da aka sha kashi. Chicago ta san haka, shi ya sa da ta zaɓi Connor Bedard a 2023 ta biya Nick Foligno miliyan 4 na shekara ɗaya, fiye da abin da wasansa ya cancanta. Wannan ciniki ne mai hankali, domin ƙungiyar da ke sake gini tana da sararin albashi da ba ta san inda za ta kai shi ba, kuma alƙawarin gajere ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mai da jagoranci hujjar ba mutum shekara biyar. Tarbiyya ana samunta da arha. Kuma duk manajan da ka ji yana yawan ambaton halin kirkin ɗan wasa a ranar sa hannu, ba ya ambaton wasansa, to ka fara duba tsawon kwantiragin.

Akwai ma hanyar da doka ta tanada don wannan. Wanda ya kai 35 zai iya sa hannu na shekara ɗaya da ƙaramin albashi, a ɗora masa lada idan ya cika wasu sharuɗɗa. Haka Boston ta yi da Patrice Bergeron a kakar 2022-23: miliyan 2.5 na tushe, ga kyaftin mai shekara 37 da ya ɗauki kyautar Selke, ta ɗan gaban da ya fi iya tsaron baya, karo na shida a wannan shekarar, ƙungiyar kuma ta kafa tarihi da nasara 65 da maki 135. Ladan nasa da na David Krejci ya tsallaka ya hau lissafin shekarar gaba, amma shekara ɗaya ce aka sha, ba shida ba.

Misalin da ya kamata magoya bayan Pittsburgh su duba, ko da zai yi musu ɗaci saboda tsohuwar gaba, shi ne Washington. A kakar 2024-25 su ma suna da tsoho, Alex Ovechkin, haihuwar Satumban 1985, a kan miliyan 9.5. Ba su sayar da shi ba, ba su kuma rushe gidan ba. Da Nicklas Backstrom da T.J. Oshie suka kwanta da rauni mai tsawo, sararin albashin da ya samu ba a kai shi kan wasu 'yan 34 ba. An kawo Pierre-Luc Dubois da Jakob Chychrun da mai tsaron raga Logan Thompson, duk 'yan ashirin da wani abu, aka haɗa da Dylan Strome da yaran gida irin su Aliaksei Protas da Connor McMichael. Aikin Ovechkin ya zama guda ɗaya, ya tsaya a gefen hagunsa ya harba. Ya karye a ƙafa a Nuwamban 2024, ya rasa wasa 16, duk da haka ya ci 44 a wasa 65, kuma ranar 6 ga Afrilun 2025 ya ci ta 895 a rayuwarsa, ya wuce Gretzky a yawan ƙwallaye a tarihin gasar. Washington ta ƙare a saman yankin gabas da maki 111. Sa wannan kusa da Nashville, wadda a Yulin 2024 ta zuba kuɗi kan Steven Stamkos mai 34, shekara huɗu a kan miliyan 8, da Jonathan Marchessault mai 33. Stamkos ya sauko daga maki 81 a Tampa zuwa 53, Nashville ta ƙare ta 30. A Tampa yana da Nikita Kucherov da ke ajiye masa ƙwallo a kan sanda. Nashville ta sayi mai harbi, ta manta da mai miƙa masa.

Kada kuma ka ɗauka zaɓar yaro kullum shi ne daidai. Ƙungiyarka ce ma ta fi kowa sanin haka. A 2017 ta riƙe mai tsaron raga Matt Murray, ɗan shekara 23 da ya riga ya ɗauki kofi biyu, ta bar Marc-Andre Fleury mai 32 ya tafi Vegas. Kusan kowa ya ce an yi daidai, ni ma haka na ce a lokacin. Zuwa 2020 an tura Murray Ottawa, Fleury kuma ya ɗauki kyautar Vezina ta gwarzon mai tsaron raga a 2021 yana da 36. Masu tsaron raga dai nasu tsufan daban ne, ba a cika yi musu kintace a dace ba.

Saura masu cewa a sallame su. Da baki abu ne mai sauƙi. Manyan 'yan wasa irin waɗannan suna da sharaɗi a kwantiraginsu da ke hana a tura su ko'ina sai da yardarsu. Ko sun yarda, wa zai karɓi ɗan baya irin Letang, wanda a 2025 yake da 38 da sauran shekara uku a takarda, ba tare da ka haɗa masa da toshiya ba, kamar yadda Toronto ta yi? Wanda kaɗai zai kawo kaya masu yawa idan aka sa shi a kasuwa shi ne Crosby, wato wanda ya fi kowa amfani. Ray Bourque ya taɓa yin haka: bayan shekara ashirin a Boston ya nemi a sake shi, ya koma Colorado a 2000, ya ɗauki kofi a 2001 yana da 40. Amma shi ya nema. Mutumin da ya yi shekaru yana karɓar ƙasa da darajarsa don a samu abin biyan wasu, ba a tura shi waje ta ƙofar baya. 'Yan wasan da kake son su zo maka gobe suna kallon yadda ka yi da na jiya.

Da ni ne ke riƙe da ragamar, Crosby zai zauna har ranar da ya ce ya gaji, kuma duk yaron da aka zaɓa zan so ya yi ko kaka ɗaya yana kallon yadda yake atisaye. Malkin, bayan kwantiraginsa na 2022 mai ƙarewa a 2026, idan yana son ci gaba, shekara ɗaya-ɗaya zan riƙa ba shi, in matsar da shi gefe daga tsakiya, in rage masa mintuna. Letang a sauke shi daga mintunan ɗan baya na ɗaya tun kafin jikinsa ya sauke shi da kansa. Karlsson, wanda nasa zai ƙare a 2027 kuma ba shi da tarihin da ya ɗaure shi da garin, shi ne zan nema wa mai saye, ko da zan ci gaba da biyan wani ɓangare na albashinsa, muddin abin da zai dawo yaro ne ko zaɓen zagayen farko. Kuma har sai yaran 2025 sun fara tsayawa da ƙafarsu, ba zan sake ba wani ɗan shekara 32 daga waje kwantiragin da ya wuce shekara biyu ba.